Wayar da Aka Dasa wa Warrick

Yayana Warrick ya fi shekara ashirin yana fama da ciwon waswasi. Idan yana tuƙi ya ji taya ta hau wani abu, sai zuciyarsa ta ce masa mutum ya take. Ya juyo ya duba, ya sake juyowa, har rana ta faɗi. Dole ya bar aikin jigilar rake a Bundaberg, ya dawo gidana da zama. Magani kuwa babu irin wanda bai sha ba.

Da muka ji a birnin Brisbane ana dasa wa masu irin ciwonsa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa ta da ɗan batir a ƙirji, ni na kai shi. Likita Farrugia ta ɗauki hoton kansa, ta yi masa tambayoyi har ya gaji. Na matsa mata ta faɗa mini ko zai warke. Ta ce hoton yana nuna musu inda za su sa wayar, akwai kuma alamun da suke dubawa, amma ba za ta iya cewa wane zai samu sauƙi, wane ba zai samu ba.

Raina bai so ba. Shi kuwa ya ce ita ce likita ta farko da ba ta yi masa daɗin baki ba.

"Ke Narelle, neman tabbas ne ya kai ni inda nake. Bari in gwada abu ɗaya da ban tabbatar ba."

Aka yi aikin. Watannin farko shiru, sai dai surutu da ya ƙaru masa idan an ƙara ƙarfin batirin. Likitar ta rage, ta sake gwadawa, mu kuma muna ta zirga-zirga a jirgin ƙasa. Mijina yana tsokanarsa wai tunda yana da batir, a jona masa firij.

"Jona mana," in ji Warrick. "Amma duk abin da ke ciki nawa ne."

Wajen lokacin girbin rake ya ce mini tunanin yana zuwa har yanzu, amma kamar rediyon maƙwabta yake jin sa.

Bai warke sarai ba, yana ganin likita har yau. Sai dai ya kama ɗakinsa kusa da kogi, yana gyaran injin kwalekwale. Ranar Lahadi yakan zo ya gasa mana kifi, ya ƙona rabi, ya ce laifin murhuna ne.