Riga Mai Gajeren Hannun Hagu

Baba Tela, Allah ya jiƙansa, bai taɓa rataya tef a wuya ba. Da ido yake awo. Mace za ta shigo ta ajiye yadinta, ya ɗago kai ya dube ta daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya ce ta dawo jibi. In ta dawo, riga ta zauna mata kamar da ita aka haife ta. 'Yarsa, wadda yake kira Anini saboda ƙananan idanunta masu sheƙi, ita ke kalmasa da guga da saka zif, a bakin ƙofa. Su biyu ne a shago, su biyu a gida, sai Gwaggo, yayarsa, da ke zuwa kullum ta zauna a benci tana ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Anini ta tashi da sanin uwarta ta rasu tun tana 'yar mitsitsiya. Ta daina tambaya, don duk ranar da ta tambaya sai Baba ya soke yatsa da allura.

Mantuwa ta fara masa tun kansa bai gama fari ba. A tsinci almakashi a firij, ko ya yi ta zagin ɓarawon tabarau alhali tabarau na goshinsa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ya zo da wuri, kuma ba ya komawa baya. A bar shi da aikinsa muddin hannu na iyawa. Hannu kuwa na iyawa, ɗinki bai taɓa karkacewa ba.

Matar Direba ce ta fara kawo ƙara. Doguwa ce sambal, ta fito daga bayan labule riga ta tsaya mata a ƙwauri, hannun hagu bai kai na dama ba.

"Baba Tela, me na yi maka? Dubi nan. Hannu ɗaya ya tafi kasuwa, ɗaya ya zauna tsaron gida."

"Riga lafiyarta lau," in ji Baba. "Ke ce kika canza."

"Daga shekaranjiya zuwa yau na ƙara tsawo?"

"Mata ba abin da ba ku iyawa."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Matar Direba ta cire riga ta jefa kan tebur. "Ku nemo mai ita ku ba ta, ni dai ba tawa ba ce."

Bayanta sai wata nas ta asibiti, 'yar siririya, riga ta haɗiye ta ɗungurungum, hannun hagu gajere, gwiwarsa a buɗe. Sai wata malamar makaranta, ita ma haka. Anini ta ba kowa haƙuri, sannan ta shimfiɗa rigunan a tebur, wata kan wata. Kafaɗa ta hau kafaɗa, ƙugu ya hau ƙugu, ko zare ɗaya bai leƙo ba. Ta nuna wa Gwaggo. Dariyar Gwaggo ta ɗauke, nan take ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Washegari da safe, lokacin da kan Baba ya fi zama daidai, Anini tana guga ta tambaye shi kamar da wasa.

"Baba, wai awon wa kake yankawa?"

"Na uwarki mana. Hannunta na hagu ba ya miƙewa, tun karayar da ta yi tana yarinya. In ba a rage shi an buɗa gwiwar ba, tattarewa yake yi."

Allah sarki, in ji Anini a ranta, marigayiya ce ta dawo masa. Ba ta taɓa sanin zancen hannun ba, sai ta ji kamar an ba ta kyauta. Baba ya matsar da alli waje kaɗan a kan yadin.

"Ƙugun dai sai an saki. Bara da na gan ta ta yi ƙiba. Kada ki gaya mata ni na faɗa."

Sai da ƙauri ya tashi Anini ta tuna da dutsen guga.

"A ina ka gan ta bara, Baba?"

"Inda take kullum. Miƙo min alli." Alli kuwa na hannunsa.

Da Gwaggo ta zo, Anini ta jawo ta bayan labule.

"Gwaggo, matacce yana ƙiba?"

Gwaggo ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ba tukunyar da za ta cece ta. Ta zauna kan buhun ƙyallaye.

"Tana raye, 'yar nan. Rabuwa suka yi, ta ce za ta tafi da ke wurin danginta. Shi kuma ya ce bari ya kai ki a saya miki takalmi tukuna. Ya fita da ke ya shiga mota. Nan ya same ni da ke a kafaɗa, ƙafa ba takalmi."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru. Ƙanena ne. Ban ce na kyauta ba."

"Ina take?"

"Ta bar garin da na sani tuntuni. Shi kaɗai ya gano inda ta koma. Ba ki taɓa mamakin tafiyar sarin yadi da yake yi duk shekara ba, ga yadi jibge a bayan layinmu?"

Ranar Anini ba ta yi wa Baba magana ba. Bai ma lura ba. Da yamma ya gutsuro gefen burodi, inda ta fi so, ya ajiye mata a kan keken ɗinkinta. Ta rasa yadda ake faɗa da mutumin da ya riga ya manta laifinsa. Ta tambaye shi sunan garin, ya faɗi wani, da ta sake tambaya ya faɗi wani daban. Kowane mako wani abu na zubewa daga kansa. Makon jiya hanyar shagon aski ce ta tafi. In wannan hanyar ma ta zube, uwarta ta ɓace mata karo na biyu, kuma ba mai nemo ta.

Sai ta ninke rigar Matar Direba ta sa a jaka, da safe ta ce, "Baba, yadi ya ƙare, mu je sari."

Ya miƙe ya sa hula. Gwaggo ta biyo su tana ƙorafin gwiwa, wai ba ta yarda su ɓata ba ita ba. A tasha Baba bai tambayi kowa ba, ya ratsa motoci har can ƙarshe. Kwandasta ya washe baki.

"Baba mai yadi! Bana ka makara. Yau har da 'yan rakiya?"

"Bin ni suke yi, ban san su ba," in ji Baba, ya ƙifta wa Anini ido.

Da suka sauka ya wuce shagunan yadi ko kallo bai yi musu ba. Ya sha kwana, ya tsaya jikin wani turken fitila, ya harɗe hannuwa a baya. A tsallaken titi akwai shagon wanki da guga. Wata dattijuwa na ninke zanin gado a kan tebur, ta danne gefensa da hannun hagu wanda bai miƙe ba.

"Nan ake tsayawa," in ji Baba a hankali. "Ba a tsallakawa."

"Yau za a tsallaka."

Anini ta bar shi da Gwaggo, ta tsallaka, ta ɗora rigar a kan teburin.

"Wanki ko guga?" in ji matar, ba ta ɗago ba.

"Gwadawa."

Matar ta warware rigar. Yatsanta ya bi hannun hagu ya tsaya a gwiwa. Ta ɗago ƙananan idanu masu sheƙi ta dubi Anini, ta daɗe, sannan ta leƙa bayanta zuwa turken fitila. Ta cafke wuyan hannun Anini da ƙarfi, kamar za a sake ficewa da ita. Suka yi kukansu, mai kawo wanki ya zo ya ga ba hali ya juya.

Gwaggo ta jawo Baba har bakin teburin. Matar ta share ido, ta dubi ƙafar Anini, ta dube shi.

"Sayen takalmin ne sai yau?"

Baba ya yi murmushi kamar ɗazu da safe ya fita. "Ba mu samu daidai ƙafarta ba."

Matar ta buɗe baki, maganar shekara da shekaru ta taho mata gaba ɗaya. Anini ta raɗa mata abin da likita ya ce. Ta rufe bakin, ta ƙare masa kallo.

"Shi ya manta, ni ban manta ba. Ba shi kujera, kada ya faɗi kafin in gama da shi." Ta juya ga Gwaggo. "Ke ma zauna, Yaya, kina kan layi, bayansa sai ke."

Gwaggo ta zauna, karo na farko ba shawara.

Matar ta ɗauki rigar ta ja Anini ciki, har yanzu ba ta saki hannunta ba, sai da hannu ɗaya Anini ta ja mata zif. Suka fito. Kafaɗa ta zauna, tsawo ya yi, hannun hagu ya kwanta a gwiwa ba tattara ko ɗaya. Baba ya gyaɗa kai irin na wanda aikinsa ya yi kyau.

"Hannu dai ya yi," in ji matar tana juyi. "Amma wa ya ce masa na yi wannan ƙibar?"

Anini ta sa yatsa a ƙugun, ba ta samu ko wurin tsinke ba.

"Inna, in rage miki? Aikina ne."

"A'a," in ji Inna da sauri. "Bar shi haka."