Muryar Razak a Hannun Fadil

Duk wanda ya halarci biki ko suna a Zangon Kumasi cikin 'yan shekarun nan ya ga ƙungiyar Hasken Zango tana wasa, kuma ko ya manta sunan ƙungiyar ba zai manta Razak ba. Razak ne mai waƙa, dogo, mai wushirya, mai farar riga da ba ta taɓa yin datti ko da a rumfar da aka kafa kusa da kwata. Fadil kuwa sai ka leƙa bayan sifika za ka gan shi, a duƙe a kan fiyano, a daidai gefen rumfar da rana take dukan ƙeya.

Tare suka tashi, gida yana kallon gida. Tare suka fara kiɗa da gwangwanayen madara, tare suka sha bulalar malam saboda haka. Da suka girma sai aikin ya rabu da kansa: Allah ya ba Razak murya da fuska, ya ba Fadil kunne da hannu. Fadil ne yake tsara kiɗan, shi yake rubuta yawancin baitocin. Daga Litinin zuwa Juma'a kuma yana aiki a wani ƙaramin situdiyo a Buokrom, na wani mutum da ake kira Bra Muniru, inda yake ɗaukar muryoyin mawaƙa yana tace su a kwamfuta. Asabar da Lahadi na bukukuwa ne. Abin da ya rage daga wannan duka shi ne rabon matarsa Rahamatu da 'yarsu Ruwaida, kuma ba wani abin kirki yake ragewa ba.

Shekaru da yawa Fadil bai damu da zaman baya ba. Abin ya fara cinsa ne a kan waƙa ɗaya, "Motar Bawku Ta Tashi". Ya rubuta ta ne bayan rasuwar mahaifiyarsa, yana tuna ranar da ya raka ta tashar Kejetia za ta tafi ganin gida Bawku, ta leƙo ta taga tana ce masa ya koma kada rana ta dake shi. Daga wannan tafiyar ba ta dawo ba. Waƙar ta shiga gari. Direbobin trotro, motocin hayar gari, suka riƙa saka ta, mata masu sayar da waakye suna bin ta da baki suna zuba wa mutane abinci. Kowa kuma cewa yake yi waƙar Razak. Wata rana ma Fadil ya ji wata dattijuwa a kasuwa tana cewa, “Allah sarki, yaron nan Razak ya yi rashin uwa, ji yadda yake kuka.” Alhali uwar Razak tana nan da ranta, tana soya ƙosai kowace safiya a bakin layinsu.

Ya dawo gida ya gaya wa Rahamatu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita kuwa tana ninke atamfofin da za ta kai shagonta na Kejetia, ba ta ko ɗago kai ba.

“To ka fito ka ce taka ce mana, Baban Ruwaida.”

“In ce wa wa? In bi trotro ɗaya bayan ɗaya?”

Daga tsakar gida sai ga muryar Ruwaida tana rera amshin waƙar, tana wanke kwano. Fadil ya leƙa ya tambaye ta ko ta san wanda ya yi waƙar.

“Baba Razak mana,” in ji ta, kamar an tambaye ta sunan ranar Juma'a.

Ya koma ɗaki ya zauna. Abincin ranar ma rabi ya ci.

Ana nan sai wani mai harkar waƙa daga Accra ya ji waƙar, ya ce yana so a sake ɗaukarta da kyau, ya fitar da ita da sunan Razak. A situdiyon Bra Muniru aka yi aikin, Fadil ne a gaban na'ura. A nan ne ya tabbatar da abin da kunnensa ya daɗe yana gaya masa a wajen biki, inda ganga da hayaniya suke rufe komai: muryar Razak ta fara gajiya. Idan ya kai baiti na uku, inda ake hawa sama, sai ta tsage kamar tsohon zane. Sau goma sha ɗaya aka maimaita wurin, kowanne ya fi na baya muni. A ƙarshe Razak ya cire abin kunne, ya dafa kafaɗar Fadil yana murmushi.

“Cale, abokina, kai ne likita. Ka san yadda za ka yi da ita.”

Ya fita abinsa, wasu 'yan mata biyu suna jiransa a ƙofa za su ɗauki hoto da shi.

Mutumin Accra ya ce ranar Asabar da la'asar yake son waƙar a hannunsa. Wuta kuma ta ɗauke a Buokrom kwana biyu cur, ba ta dawo ba sai yammacin Juma'a. Asabar ɗin nan ita ce ranar walimar Ruwaida, wadda ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha ɗaya, za ta yi karatu gaban jama'a a makarantar Malam Abdul'aziz da ƙarfe goma na safe.

Fadil ya fita bayan sallar asuba. Rahamatu ta biyo shi har ƙofa da ludayi a hannu.

“Yau ma?”

“Kafin tara da rabi na dawo. Wuri ɗaya ne kawai ya rage.”

“Kullum wuri ɗaya ne yake ragewa.”

Wurin ɗaya ya ƙi gyaruwa. Ya yanko rabin kalma daga ɗauka ta huɗu, ya manna da rabi daga ta tara, ya ja wannan sama, ya danne wancan numfashi. Duk lokacin da ya saurara sai ya ji ɗinkin. Ƙarfe tara ta wuce, goma ta wuce. Rahamatu ta kira sau uku, yana ganin wayar tana haske a kan tebur, yana cewa a ransa minti biyar. Da ya ɗago kai ƙarfe goma sha biyu saura, ga saƙon bidiyo ta turo masa ba tare da ko kalma ɗaya ba.

Ya buɗe. Ga Ruwaida cikin farin mayafi, tana karanta farkon Baƙara, muryarta ba ta ko rawa. Da ta idar, malam ya ce mahaifinta ya fito ya tsaya kusa da ita a yi addu'a. Aka waiwaya, ba a gan shi ba. Sai ga Razak ya taso daga cikin maza, da farar rigarsa, ya zo ya tsaya a bayanta ya ɗora hannu a kanta. Wurin ya kaure da guɗa. Ruwaida ta ɗaga kai ta dube shi tana dariya, har haƙoranta duka a waje.

Fadil ya kalli bidiyon sau huɗu. A kunnensa kuma muryar Razak tana ta maimaita baitin mahaifiyarsa, yanzu sumul, kamar ba ta taɓa tsagewa ba. Wani zafi ya taso masa daga ciki. Waƙar uwarsa ta zama ta Razak, yau ga shi tsaye a gurbinsa bayan 'yarsa, shi kuma an bar shi a ɗaki mara taga yana yi masa kwalliyar murya. Ya kai hannu ya cire duk gyaran da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye shi a gefe. Ya dawo da ɗauka ta goma sha ɗaya, mafi muni a cikinsu, ya ƙara mata ƙarfi, ya rage kiɗan da ke ƙarƙashinta.

Bayan azahar Razak ya iso, tare da Iddi mai ganga da Bawah mai jita, Bra Muniru yana biye da su, don a saurara kafin a tura. Razak yana riƙe da kwano a ɗaure cikin ƙyalle.

“Madam ta ce a kawo maka rabonka. Cale, ka yi asara, yarinyar nan ta yi karatu! Har ni sai da na yi hawaye.”

Fadil ya karɓi kwanon gidansa daga hannun Razak, ya ajiye a ƙasa. Ya ce su zauna. Ya danna.

Baiti na farko da na biyu suka wuce, Iddi yana gyaɗa kai. Da aka kai na uku, muryar ta hau, ta maƙale, ta fashe, ta dawo da wani kuka irin na ƙofar da ta yi tsatsa. Babu kiɗan da zai rufa mata asiri. Bawah ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Bra Muniru ya dubi fuskar Fadil.

Razak ya ce a ba su wuri. Da aka fita aka ja ƙofa, ya daɗe yana kallon sifikar.

“Da gangan ka yi.”

“Muryarka ce. Ban ƙara mata komai ba.”

“Na san muryata ce. Kana tsammani ban san yadda ta koma ba? Tun bara likita ya ce in huta wata shida. In huta in yi me? Kai in an daina kiɗa gobe kana da wannan kujera, kana da gida da ake jiranka. Ni in muryar ta tafi, wane ne ni a Zango?”

“Shi ya sa ka je ka tsaya a kan 'yata?”

“Da ka zo da ban tsaya ba! Malam ya kira uba sau biyu, yarinya ta fara ƙifta ido za ta yi kuka. In zauna ina kallo?”

Maganar ta ƙara wa Fadil haushi. Razak ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ce tunda an zo nan, bari ya ƙarasa. Ranar da mutumin Accra ya fara kira, ba muryar ya fara tambaya ba. Cewa ya yi wa ya tsara kiɗan, wa ya rubuta, yana son magana da shi.

“Na ce ni ne,” in ji Razak. “Na ji tsoro ya ɗauke ka ya bar ni.”

Fadil ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ya so ya ɗaga hannu, bai ɗaga ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, a ƙarƙashin fushin akwai wani daɗi mara kyau: ashe shi ma ana kishinsa. Ya ce da Razak ya ba shi lambar mutumin. A gabansa ya kira, ya faɗi sunansa, ya ce shi ya rubuta waƙar, shi ya tsara ta, kuma ba za ta samu ba sai Laraba. Sannan ya miƙa wa Razak wayar, Razak ya ce haka ne, da muryar da da ƙyar ake ji.

Ya isa gida ana kwashe kujeru. Ruwaida ta gaishe shi a tsaye, ta wuce wajen ƙawayenta. Ya fara ba Rahamatu labarin abin da Razak ya yi masa, tana kankare ƙasan tukunya. Ta bari ya kai ƙarshe.

“Ka gama? To ni ba Razak ne ya hana mijina zuwa ba. Ƙafarka ce ta kai ka Buokrom. Kai kana jin zafi an ɗauki waƙarka. Ni shekara nawa ina kallon wancan ɗakin yana ɗauke min kai? Har gara kai, kana da wanda za ka yi wa ihu.”

Ta miƙa masa tsintsiya, ta ce ga tsakar gida nan. Ya share har bakin ƙofa, da rigar situdiyo a jikinsa, maƙwabta suna kallo.

Ranar Litinin ya mayar da gyaran, ya ƙarasa shi da kyau fiye da da, don hannunsa ba ya yarda ya saki aiki a karkace. Amma kwana ukun nan duka da an kira la'asar yake kashe na'ura, Bra Muniru yana gunaguni. Ya riƙa bi ta Kejetia ya taya Rahamatu rufe shago. Ruwaida ta yi mako guda ba ta yi masa doguwar magana ba, sai ranar da ya zauna ya ce ta karanta masa abin da ta karanta a walima, tun daga farko, ya saurara bai taɓa waya ba.

Waƙar ta fito da hoton Razak a gaba. Sunan Fadil yana ƙasa, da ƙananan haruffa, amma yana nan. Mutumin Accra ya turo masa aikin wasu mawaƙa biyu. Razak ya ƙi hutawa, ya dai yarda a sauko da waƙoƙin ƙasa kaɗan.

Lahadin da ta biyo baya suka yi wasa a wani biki wajen Manhyia. Tun da aka fara ba su haɗa ido ba. Da aka zo baiti na uku na "Motar Bawku Ta Tashi", Razak ya ja da baya daga makirufo, ya juyo ya nuna Fadil da hannu, Fadil ya hau wurin da fiyano shi kaɗai. Ya yi kyau, shi kansa ya san ya yi kyau. Mata suka taso daga kujeru suna guɗa, suka wuce ta gaban sifika, suka kewaye Razak suna kiran sunansa.

Zafin nan ya sake taso wa Fadil, bai ragu da komai ba. Iddi ya dube shi daga bayan ganga, ya ɗaga gira yana tambaya ko a tsaya. Fadil ya girgiza kai, ya ƙirga huɗu da ƙafa, suka shiga waƙa ta gaba.