Ƙafafun Tela

"Miƙo ɗaya ƙafar," in ji matar tela, tana durƙushe a gabansa da tawul a kafaɗa.

Daga tagata ta bene nake kallonsu. Kullum da safe sai ta wanke masa ƙafafu da ruwan ɗumi, ta bi tsakanin yatsu tana neman ko ɗan ƙurji. Ni da shi ciwonmu ɗaya, ciwon suga. Amma tunda matata ta rasu, da madubi nake duba tafin ƙafata, ina nishi saboda tumbi.

"Direba!" telan ya ɗago kai ya kira ni. "Nawa suganka ya nuna yau?"

"Lafiya lau."

"Ƙarya kake, na ji ƙamshin shayinka har nan."

Na yi dariya na ja labule. Abin yana cina. Tunda annoba ta sa aka hana fita, ba wanda ya taka matakalata. Shi kuwa ana auna masa abinci, ana ɓoye masa gwangwanin suga, ana zagayen tsakar gida da shi bayan la'asar. Har ƙorafi yake yi.

"Matar nan ta hana ni sakat," ya ce da ni wata rana ta waya.

"To, ara mini ita ta hana ni."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan bai sake shi ba. Zazzaɓi ya biyo baya, suga ya hau ya ƙi sauka duk da allura. Ina jin ta ta bango tana lallashinsa ya kurɓi ruwa. Na yi masa addu'a, Allah ya sani. Amma na kuma tambayi kaina: in ni ne, sai yaushe za a gane na kwanta?

Da motar asibiti ta zo, ma'aikatan sun rufe jiki ruf, ido kawai ake gani. Ta biyo su har titi da jakarsa.

"Ba a shiga da kowa, Hajiya."

"Ba ya tuna lokacin allurarsa. Ni ce nake tunawa."

Suka karɓi jakar, suka rufe ƙofa. A can ya cika, ba ta kusa.

Ba a yi zaman makoki ba. Na yi mata gaisuwa ta taga, ta amsa ba ta ɗago ba.

Bayan kwanaki na ji ƙwanƙwasa. Tana tsaye nesa a kan matakala, da takunkumi a fuska, ta ajiye leda a bakin ƙofa.

"Malam, ragowar allurarsa ce, ba a buɗe ba. Ya ce iri ɗaya kuke yi. A sa a sanyi."

Ta sauka kafin in gama godiya.

Na buɗe firji. Gorar ruwa ce kawai a ciki da rabin albasa. Na jera kwalaben a gefensu. Kowacce ta naɗe ta da ƙyallen yadi don kada ta fashe, ta ɗaure da zare.