Wayar da Ta Bi Ta Falon Bhai Jan

Nuzhat ta durƙusa gaban akwatin intanet ɗin, ta ƙura wa fitilunsa ido. Sauran duk sun tsaya kore shar, ɗaya ce kawai take ta ƙyaftawa. Ta buɗe shafin da mai haɗa wayar ya kwatanta mata jiya ta bayan labule, ta nemo layin da ke nuna tsabtar sigina. Ya ce kada lambar ta yi ƙasa da talatin da biyar. Ashirin da shida ta gani.

Bayan la'asar za a yi mata gwajin aiki. Wata 'yar nan garin Gujranwala da ke aure a Ingila ce take neman malamar da za ta koya wa 'yarta karatun Alƙur'ani ta bidiyo, in ta yaba kuma akwai ƙawayenta. Saboda wannan Nuzhat ta sayar da awarwaronta, ta biya aka ja mata intanet. Tun rasuwar mijinta ba a ɗora tukunya a saman benen nan ba. Daga ƙasa ake miƙo mata faranti, daga girkin yayan mijin, kuma duk farantin da ya hau sai unguwa ta ji labarinsa. Ta gaji da godiya, ta gaji ƙwarai.

Ta kira mai haɗa wayar.

"Ashirin da shida, Baji?" in ji shi, yana kiranta yaya don girmamawa. "Ai na faɗa wa Chaudhry Sahib, yayan maigidanki. In aka raba waya, aka haɗa ta da waccan tsohuwar ta talabijin, dole sigina ta lalace."

"Wa ya raba ta?"

"Shi ya tsaya a kaina, Baji. Na ɗauka da saninki."

Ina za ta sani? A gidan nan baƙon namiji ba ya haɗa ido da matar mamaci. Ita ta biya, amma Bhai Jan, yayan mijin nata, shi ya tsaya a kan aikin, ita tana ɗaki tana jin ƙarar injin huda bango tana sa masa albarka.

Ta yafa mayafi ta bi baƙar wayar. Ta bi ta bakin taga, ta sauka matakala, har inda wayar ta shige falon ƙasa ta wata sabuwar huda. Ta tsagar ƙofa ta hango ɗan ƙarfen da ya raba wayar, mai baki biyu, yana reto bayan talabijin. Murɗa shi kawai za a yi a cire. Amma falon cike yake da maza, abokan Bhai Jan sun zo kallon kurket, wasan ƙwallo da sanda, ba kuma ta da ƙafar shiga.

Ta ƙwanƙwasa a hankali. Bhai Jan ya fito yana waiwayen talabijin, ya ja ƙofar.

"Bhai Jan, wayata ce aka raba. Ina da gwaji anjima. Don Allah a cire na ɗan lokaci."

"Wayarki?" Ya yi murmushi. "Nuzhat, ta bangon wa ta shigo? Tun zamanin Abba, abin da ya shigo gidan nan ta ƙasa yake fara bi. Naman layya ma haka, balle waya."

"In hoton ya tsaya ba za su ɗauke ni ba."

"Ina da baƙi. In kashe musu wasa a tsakiya, in ce matar ƙanena za ta fara kasuwanci? Ki bari a tashi." Ya sassauta murya, irin sassaucin da ta fi tsana. "Me kika rasa ne a gidan nan?"

Ta koma sama. Ta gyara mayafinta, ta jingina wayar hannunta da littafi, ta buɗe Alƙur'ani.

Yarinyar ta fito a hoton, 'yar kyakkyawa da giɓi, uwarta a bayanta. Nuzhat ta yi basmala, ta ja Fatiha da muryar da malaminta ya daɗe yana yabo. Ba ta kai rabi ba fuskar yarinyar ta daskare, baki buɗe. Hoton ya dawo, ya sake tsayawa. Ta fara daga farko, ya sake tsayawa.

"Baji, ba ma jin ki," in ji uwar, muryarta a gutsure. "Kullum haka sabis ɗinki yake?"

"Jiya aka saka, za a gyara."

"To, Allah Ya sa. Akwai wata malama a Lahore da za mu gwada gobe. Za mu neme ki."

Hoton ya ɗauke. Daga ƙasa sowa ta tashi, wani ɗan wasa ya buga ƙwallo ta fita fili.

Da magariba matar Bhai Jan ta hau da faranti rufe da tsumma, tana haki.

"Ya ce kada ki sa damuwa a ranki. Muddin yana raye ba sai kin yi aiki ba." Ta miƙo farantin. "Ya kuma ce Allah Ya yi miki albarka, talabijin ɗinmu bai taɓa nuna hoto tar irin na yau ba."

Nuzhat ta dubi farantin. Tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

"Ki ce masa na gode."