Ledar da Ta Ƙi Zama Ƙasa

Shekara goma sha tara ina tsaye a gaban injin buga tambari a masana'antar leda ta garinmu, nan tsakiyar tsibirin Jawa, kuma ban taɓa buga abin da ya kai koren ganyen nan kyau ba. Ganye ɗaya ne, ɗan lanƙwasasshe, a ƙarƙashinsa an rubuta: "Da rogo aka yi ni. Binne ni, cikin wata shida in zama ƙasa." Ni na haɗa tawadar da hannuna. Har gida na kai guda ɗaya na nuna wa maƙwabta, ina ta washe baki kamar ni na haife ta.

Ledar rogo ta gaskiya tana ruɓewa, wannan ba ƙarya ba ne. Aibinta ɗaya, ba ta jure laima. Ka zuba mata ɗanyen nama, kafin ka kai gida ta saki gindi. Da masu saye suka fara ƙorafi, sai Pak Harjito (Pak a wurinmu kamar a ce Malam ne), wanda ya gaji masana'antar daga ubansa, ya sa aka riƙa zuba ƙwayoyin roba a cikin haɗin. Ba wanda ya gaya mini, amma hancina ya gaya mini. Ta rogo in ta ji zafin inji ƙamshin gasasshen rogo take yi, wannan kuwa warin ƙonannen silifa. Na ji, na kau da kai, na ci gaba da buga ganyena. Mijina ya rasu, 'yata tana makarantar koyon jinya, tsoron rasa aiki ya ɗinke mini baki.

Abin da ya fi muni, ni ce na miƙe a taron matan masallacinmu gab da wata babbar sallah na ce a daina raba naman layya a baƙar leda, a sayi tamu. Aka saya. Da aka gama rabo, duk ledojin da suka ɓaci aka tura su ramin bayan masallaci, inda kowace shekara ake binne jini da ƙazantar tumbi. Ai rubutu ya ce a binne.

Da shekara ta zagayo, saura kwana huɗu sallah, maza suka fito da safe haƙa ramin, a wurinsa na kullum, mu mata muna wanke tukwane a gefe. Pak Sarwono ladan ya kai sara, ya ɗago fartanya, sai ga leda tana lilo a bakinta.

"Yu Wartini!" ya ƙwala mini kira, Yu ɗin nan kamar a ce Yaya ne. "Zo ki gaisa da 'yarki, ta dawo daga lahira!"

Na je na leƙa. Jini ya zama ƙasa, tumbi ya zama ƙasa, har igiyar da aka ɗaure saniya da ita ta ruɓe. Ledojina kuwa ga su nan jibge, ko ɓula babu.

"Kai, ko azabar kabari ba ta taɓa su ba," in ji ladan. Aka kwashe da dariya.

Mbah Kasiyem, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗaya, ta goge da gefen zanenta, ta kai kusa da ido.

"'Yar nan, ni fa a gindin barkonona na binne tawa," ta ce a hankali. "Ke kika ce taki ce."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, bayanta kuma fushi ya taso. Na juye ruwan bokitina, na cika shi da ledojin nan da ƙasarsu da warinsu, na ɗaure a bayan babur.

Aikin ranar kuwa shi ne ledar layya ta masallatan gundumar gaba ɗaya, ni ake jira in ɗaura farantin da ke buga ganyen a inji. Na wuce injin, na haye bene, na dire bokitin a kan teburin Pak Harjito, kusa da kofin shayinsa.

Ya toshe hanci, ya kira ni da guntun sunana, da Bu ɗin girmama mata a gabansa. "Bu War, lafiya? Mene ne wannan?"

"Kayanka ne, Pak. Shekara guda suna ƙasa, ƙasa ta ce ba ta san su ba."

Ya leƙa, ya ga ganyen, ya koma ya jingina da kujera. "Wata shidan nan ai a ɗakin gwaji ake nufi, inda ake daidaita zafi da danshi."

"To a rubuta: binne ni a ɗakin gwaji."

"Ki daina wasa. Kowa a sana'ar nan haka yake yi."

"Kowa ba shi ya tsaya gaban matan unguwarmu ba. Ni na tsaya. Ko a buga ta ba ganye, ko a rubuta cewa akwai roba a ciki. Duk wanda ka zaɓa, kafin azahar na gama maka."

"Wa zai sayi leda don an ce masa leda ce? Ganyen suke saye." Ya sassauta murya. "Bu, kin yi wa babana aiki, ina ganin girmanki. Ki sauka ki ɗaura faranti, ko ki ajiye rigar aiki. Ki tuna da 'yarki."

"Ita na tuna."

Na cire rigar, na ninke ta tsaf, na ajiye masa. Har na kai ƙofa na dawo na ɗauki bokitin, na ce masa ai nawa ne.

Ba zan yi cika baki ba, a tsakiyar gonakin shinkafa na tsayar da babur na yi kuka har na gode Allah. Kafin la'asar kuma labari ya zo mini cewa wani ya ɗaura farantin, inji yana ta aiki. Ba a fasa kasuwa don ban je ba.

Sai dai Pak Harjito ya manta abu ɗaya: gidana a bakin hanyar masana'anta yake. Na wanke ledojin nan ɗaya bayan ɗaya, Mbah Kasiyem ta tono tata ta kawo mini. Na ja igiya daga bishiyar gwanda zuwa turken lantarki, na shanya su, ganye yana kallon titi. A ƙasa na jingina allo: "Bara aka binne, bana aka tono."

Wakilan masallatai da ke zuwa karɓar kaya duk ta nan suke bi. Wasu suka tsaya, suka taɓa, suka juya babur. Wasu suka karanta suka wuce abinsu, ban isa in tare su ba. Mu dai a masallacinmu, a kwandunan gora aka raba nama, an shimfiɗa ganyen ayaba a ciki.

Kashegarin sallah mota ta tsaya a ƙofata. Pak Harjito da kansa, ya sauke gilashi.

"Bu War, abin ya isa haka. Ki sauke shanyar nan, ki dawo aiki ran Litinin. Abin da ya wuce ya wuce."

Ina son aikina, kuma ina buƙatarsa.

"An cire ganyen, Pak?"

Ya kau da kai, ya dubi shanyar.

"To me ya dame ka da shanyata? Ka yi haƙuri wata shida, da kansu za su zama ƙasa. Ai kai ka faɗa."

Ya ɗaga gilashinsa.

Yanzu wata sallar ta kusa. Shinkafa nake ƙunshewa a ganyen ayaba ina sayar wa ma'aikatan da muka yi aiki tare, a ƙarƙashin igiyar nan suke tsayawa su ci. Sun ce an goge maganar wata shida daga tambarin, amma an bar ganyen. Ni ma na bar shanyata. Damina guda ta ƙare a kanta, igiyar ma sau biyu tana ruɓewa ina canzawa. Ledojin suna nan, ganyen ko koɗewa bai yi ba. Ni na haɗa tawadar, kuma na iya aikina.