Tukunyar Fulawar da Ta Ƙi Fita

Tunda Baba ya yi ritaya ya kamu da ciwon siminti. Duk kwanon da ya gani a gidan sai ya kwaɓa siminti da yashi ya zuba a ciki, ya danna gwangwani a tsakiya. Idan ya bushe ya kife kwanon, sai ga tukunyar shuka fulawa. Tsakar gidanmu har babu wurin saka ƙafa.

Doka ɗaya gare shi: sai an shafe kwano da mai kafin a zuba, in ba haka ba siminti ya kama ƙarfe ya ƙi saki. Man kuwa na girkin Mama ne, kullum suna faɗa a kansa.

Ta ƙarshe ya zuba ta a babban kwanon silba ranar da aka kai shi asibiti. Bai dawo ba.

Kullum da safe Mama takan yayyafa mata ruwa, yadda yake yi don kada ta tsage. Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ta kira ni.

"Auta, zo ki fitar min da ita. Ki bi a hankali, ba za a sake wata ba."

Na kife kwanon a kan buhu na bubbuga, ko motsi. Na zuba ruwan zafi, na zagaya bakin da wuƙa, shiru. Raina ya ɓaci, kuma wallahi da Baba nake fushi.

"Mutumin da ya ishe mu da wa'azin mai, shi ne zai manta?"

Na ɗauko guduma na ɗan taɓa gindin kwanon. Tukunyar ta rabe biyu, rabi ya faɗo, rabi ya maƙale.

Mama ta shiga kicin, na ji tana jan buhun gawayi, ta fito da kwalbar mai cike har wuya.

"Bai manta ba," ta ce. "Ni na ɓoye. Ya yi ta bina yana cewa, 'Maman yara, ko cokali ɗaya.' Ina dariya na ce masa ya ƙare."

Ta zauna a ƙasa, ta tsiyaya man a tafin hannunta, ta shiga shafa wa kwanon. Na kasa ce mata ta bari.