Ganyen Bakin Ruwan Goudel

Sakina ce ta fara lura da yadda ɓerayen gwajin suka canza. Tana shekararta ta ƙarshe ta digirin dokta a sashen nazarin magunguna, kuma duk aikinta ya dogara ne a kan wani ɗan ganye mai kauri da ke fitowa a laka idan kogi ya janye a unguwar Goudel. Masu lambu suna tuge shi su yar, awaki ma ba sa taɓa shi. Furofesa Halidu, shugaban sashen, shi ya ba ta shawarar ta gwada shi, don ya taɓa ganin ana ɗaura shi a kan targaɗe.

Ruwan da ta tace daga ganyen ya yi abin da ba su zata ba. Ɓeran da aka ba shi yana daina jin zafi gaba ɗaya, ba barci, ba maye, hanta lafiya, ƙoda lafiya. Da sakamakon ya fita a wata mujallar masana, sashen ya cika da baƙi. Aka ba su lambar yabo, aka yi wa labo, ɗakin gwaje-gwajensu, sabon fenti, aka kawo firjida mai aiki ko kuran, wato lantarki, ya ɗauke.

Sai dai ɗakin ɓerayen ya yi tsit. Da can tun daga ƙofa ake jin ƙarar haƙoransu da guje-gujensu cikin dussa. Yanzu waɗanda suka sha maganin sai su taru a kusurwa ɗaya, su tsaya a kan ƙafafun baya, hanci a jikin waya. Wata rana da hantsi Sakina ta juya kejin. Ba su yi gaggawa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tako a hankali suka koma ɓangaren da suke fuskanta da farko. Ta ɗauki kejin ta kai ɗakin da ba taga, ta kashe fitila, ta dawo ta kunna. Suna nan tsaye, fuskarsu wajen kogi.

Ta kira Furofesa Halidu ya gani. Ya shigo yana dogara sanda, don tun hatsarin mota da ya yi a hanyar Dosso ƙugunsa bai sake barinsa ya huta ba. Ya daɗe yana kallonsu.

"Suna ci?" ya tambaya.

"Suna ci, Malam. Amma ko suna ci, can suke kallo."

"To, 'yata, wanda ciwo ya sake shi ai dole ya yi shiru. Ki rubuta cewa hayaniyarsu ta ragu. Sauran mu bar shi sai bayan kin kare tez ɗinki, kundin digirin nan."

Ba ta yi musu ba. Mutumin nan shi ya riƙe ta tun tana shekarar farko, shi ya je har gidansu a unguwar Dar es Salam ya roƙi mahaifinta ya bar ta ta ci gaba da karatu.

Bayan wasu makonni ta ga ya hau matakala ba sanda. Malamai suka yi ta yi masa barka, yana dariya yana cewa sauƙi na Allah ne. Ita kuwa ta je ta buɗe firjida, ta tarar ruwan kwalba ɗaya ya yi ƙasa. Ta same shi a ofis.

"Malam, ba mu gwada shi a kan mutum ba."

"Yanzu mun gwada," ya ce. "Sakina, rabon da in yi sujada goshina ya taɓa ƙasa tun kina sakandare. Jiya na yi. Kada ki gaya wa kowa."

Yana maganar amma ba ita yake kallo ba. Sai a lokacin ta lura ya ja teburinsa daga inda ya saba, ya mai da kujerar tana fuskantar bangon da ke wajen kogi.

Daga nan maganarsa ta fara raguwa. A aji sai ya tsaya a tsakiyar jumla, alli a hannu, ya karkata kai kamar wanda aka yi wa sallama daga waje. Matarsa, Hajiya Mariyam, ta bugo wa Sakina waya ta ce, "Me kuke ba Alhaji a wurin aikin nan? Ba ya kukan ƙugu, amma sai in kira shi ya ƙi juyowa. Jiya ya tsaya a tsakar gida ana rana, ruwan shayi ya zube masa a ƙafa, bai ma sani ba." Sakina ta ce za ta yi masa magana. Ta kwashe kwalaben ta kai wata firjida ta kulle, ta riƙe makullin. Bai tambaye ta ba, kuma bai canza ba.

Ranar kare tez ɗin, zauren ya cika. Mahaifinta da ƙannenta suna gaba, malaman da za su yi hukunci sun sa manyan rigunansu, ɗaya ma daga Dakar ya zo. Furofesa Halidu ya shigo da tasa rigar, ya gaisa da kowa, ya ce bari ya ɗauko gilashinsa a ofis. Aka jira. Aka aika, ba ya ofis, motarsa ma ba ta nan. Wayarsa tana kan tebur tana ta ruri.

Sakina ba ta yi shawara da kowa ba. Ta fita da takalminta mai tsini, ta tare taksi, ta ce Goudel. Suka haye gada rana tana tsaka, ruwan yana walƙiya har ido ba ya iya kallonsa. Ta tarar da motar a bakin lambunan salati, ƙofa buɗe, inji yana aiki.

Yana cikin ruwa har ƙirji. Baƙar rigar ta baje a bayansa tana yawo. Ba ya iyo, ba ya fafutuka, tafiya kawai yake yi a hankali kamar mai ratsa kasuwa. Ta ƙwala kira, "Malam! Malam Halidu!" Bai waiga ba. Wasu masunta biyu da ke gyaran taru suka ji ihunta, suka tura kwalekwale suka cim masa ruwa yana taɓa haɓarsa. Bai yi kokawa da su ba. Da suka kwantar da shi a kan yashi ta ga ƙafarsa ta dama ta tsage daga dunduniya, wani ƙarfe ya yanke shi, jini yana zuba, fuskarsa kuwa lumui.

"Malam, ina za ka?"

Ya dube ta kamar bai gane ta ba, can ya ce, "Ana kirana."

"Wa ke kiranka?"

"Da sunan da innata take kirana. Ba wanda ya san shi a garin nan. Ba wanda ya san shi a duniya yanzu." Ya ɗan yi murmushi. "Ba daga nesa ba ne. Nan ne, ƙasa kaɗan."

Aka kai shi likita. An ɗinke ƙafar ba tare da allurar kashe zafi ba, yana kallon rufi. Dole aka sa mutum a ƙofar ɗakinsa, don da zarar an yi sakaci sai a gan shi a baranda ya nufi waje.

An sake sa ranar tez ɗin bayan wata guda. A gaban malamai Sakina ta faɗi abin da ganyen yake yi wa zafi, sannan ta nuna hoton ɓerayen a tsaye, ta ce ba ta san dalilinsa ba, kuma tana neman a dakatar da duk wani gwaji. Ba ta ambaci sunan kowa ba, amma zauren ya san wanda ba ya nan. Malamin Dakar ya ce wataƙila maganin yana taɓa ɓangaren ji a ƙwaƙwalwa. Ta ce wataƙila. Aka ba ta digirin. Baƙin da suke zuwa sashen suka daina zuwa, wasu abokan aiki suka daina gaishe ta da fara'a. Kwalaben ta sa an ƙone su a gabanta.

Hajiya Mariyam ta ɗauke mijinta suka koma Tahoua wurin danginsa. Da damina ta kusa, ya bugo wa Sakina waya da yamma tana cikin taksi za ta gida. Muryarsa ta dawo irin ta da, har da ɗan nishi.

"'Yata, ƙugun ya dawo. Jiya ko juyi ban iya ba. Alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi, Malam. To, kiran fa?"



"Idan ciwon ya yi tsanani ba na ji," ya ce. "Shi ya sa ba na shan komai. Ke dai ki gaya mini gaskiya, lokacin da kike tace shi, kina sa safar hannu kullum?"

Ta ce, "Kusan kullum."

"To," ya ce. "Ki gaida mahaifinki."

Taksin ya hau gada, cunkoso ya tsayar da su a tsakiya. Sakina ta ɗaga gilashi duk da zafin da ake yi, ta ce wa direba don Allah ya ƙara muryar rediyo.